Sarƙar Ɗantsoho

Duk faɗin unguwar Umbadda da ke gefen Umdurman, in ana neman wanda ya tsani ɓarawo har cikin hanta, to a nufi gidan Ɗantsoho mai walda. Babu dai mai son ɓarawo, amma nasa ya wuce misali. Mutum ne da zai shiga masallaci da takalmansa a hammata, ya ajiye su daidai goshinsa, yana sujada yana leƙensu. Butar alwalarsa ma da igiya a wuyanta. Maƙwabta su yi ta dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Abin yana da asali. Tun yana matashi a Jazira, lokacin da iyayensa ke tsinkar auduga a gonakin mutane, mahaifinsa ya taɓa bar masa jakinsu ya riƙe a bakin kwata. Jakin nan shi ke nan musu. Ya ɗaure shi sama-sama ya tafi kallon kokawa, da ya dawo sai guntun igiya. Tsohon bai doke shi ba, bai zage shi ba. Ya dai sunkuya ya ɗora buhun auduga a ka, haka ya ci gaba da ɗauka har ƙarshen kaka, kuma wuyansa bai ƙara miƙewa daidai ba har ya koma ga Allah. Ɗantsoho ya sha faɗa wa matarsa Sittana cewa da duka aka yi masa a ranar da ya fi masa sauƙi.

Daga baya ya sauko birni, ya koyi walda a Mantiƙa Sinaiya ta Khartum, inda garejoji suke, ya gina ɗakuna biyu na laka a Umbadda. 'Ya'yansa mata duk sun yi aure. Namiji ɗaya Allah ya ba su, Hazim, kuma shi ne ɗan fari. Don haka Sittana ba ta taɓa kama sunansa ba, irin kunyar nan da ta gada wurin kakanninta. Yana ƙarami "yaron nan" take cewa. Da ya girma ya sami babur, sai ta huta, ya koma "mai babur".

Babur ɗin ja ne, kuma a mace Hazim ya same shi, an jingine shi bayan wani gareji kaji suna kwana a kai. Ya kwance shi kaf, ya yi ta bin 'yan gwangwan yana tsintar wannan yana tsintar wancan, har ranar da ya taka shi ya tashi. Da shi ya kama sana'a: ya ɗauko kayan gyaran mota daga shagunan Suk al-Arabi ya kai wa makanikai a Mantiƙa. Yaro ne mai fara'a, mai yawan tsokana, ga wushirya. In ya shigo layi da la'asar, tun daga kwana ake sanin shi ne, don sai ya murɗa sau biyu ya gaida uwarsa kafin ya kashe.

Ranar da babur ɗin ya fara kwana a gidan, Ɗantsoho bai runtsa ba. Kwaɗon kasuwa kuwa bai yarda da shi ba ko kaɗan, ya ce wannan ai yaro ma da ƙusa ya buɗe. Sai ya samo sarƙar wata tsohuwar tirela, ya ƙona ta ya tsoma a baƙin mai har zarto ya daina kama ta. Sannan ya ƙera nasa kwaɗon: guntun bututun ƙarfe mai kauri, bakin sarƙar biyu su shiga ciki, wani dogon noti ya ratsa su ya riƙe. Kan notin yana can cikin bututun, babu sifanar da ke isa gare shi sai wani makulli mai baki uku da ya ƙera da hannunsa. Guda ɗaya tak ya yi, don a ganinsa makulli na biyu na ɓarawo ne. Ya zura masa igiyar fata ya rataya wa Hazim a wuya, ya ce ko buɗewa zai yi kada ya cire, ya durƙusa ya buɗe.

Aibin kwaɗon ɗaya ne: ba ya buɗuwa da wuri. Sai an yi ta murɗawa, ana murɗawa, har hannu ya gaji.

"Yaba," in ji Hazim, don haka yake kiran mahaifinsa, yana durƙushe yana dariya, "wannan ai kafin in kwance shi shayina ya huce, an kira la'asar, mai gareji ya mutu an raba gado."

"Haka nake so. In kai mai makulli ka gaji, ina ga wanda ba shi da shi?"

"To ai ni ma ka hana ni sata, ya Hajj."

Sittana tana bakin murhu tana juya kisira, siririyar wainar nan ta dawa, ta ce, "Ku dai kuka sani, kai da mai babur."

A shekarun nan ne sojojin da ke riƙe da ƙasar suka tsananta abin da ake kira kasha. Lori ya tsaya a tasha ko a bakin kasuwa, a tare hanya gaba da baya, duk saurayin da ba shi da katin hidimar soja a jefa shi ciki. Daga nan sai sansani, a aske masa kai, daga sansani sai Kudu, inda yaƙi ke cin 'ya'yan mutane ba ya ƙoshi. Uwa ta aiki ɗanta sayen burodi, ta yi ta jira har shayi ya sandare. Wannan ba labari ba ne da ake ji daga nesa, a layinsu ma an yi.

Sittana ta tsorata ƙwarai. Ta ce, "Malam, a tura mai babur Jazira wurin kawunsa, ya zauna har abin nan ya lafa."

Hazim ya ce, "Yumma, ki kwantar da hankalinki. Kafin lorinsu ya juya na haye gada na shiga Umdurman. Shekaranjiya ma sun tare bakin tasha, na bi ta lungun masu takalma, ko ƙurata ba su gani ba. Masu ƙafa suke kamawa."

Gaskiya ya faɗa, masu babur sukan sha. Abin da bai faɗa ba shi ne ya fara wasa da sarƙar. In tsayawar ba mai daɗewa ba ce, sai ya naɗe ta a bayan sirdi ya bar babur ɗin haka nan.

Wata rana Ɗantsoho ya fito daga rumfar waldarsa zai je sallah, sai ga jan babur a ƙofar wani gareji, a sake, babu kowa kusa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tura shi a hankali ya kai bayan wata matacciyar bas, ya lulluɓe da buhu, ya koma ya zauna yana kallo. Hazim ya fito. Ya duba nan, ya duba can. Ya ruga bakin titi ya dawo, ya kama wannan ya tambaya, ya kama wancan. Ɗantsoho ya bar shi cikin rana har sai da ya ga ƙaton saurayi ya tsuguna ya dafe kai yana hawaye, sannan ya taso ya yaye buhun.

"Ka ji yadda abin yake?"

"Na ji, Yaba."

"Rantse."

"A kan babur, Yaba?"

"A kan babur."

Hazim ya goge fuska da hannun riga. "Wallahil azim, ko kofin shayi zan tsaya sha sai na ɗaure."

Ɗantsoho ya koma gida ranar yana jin ya yi aikin uba. Har ya ba Sittana labari yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

Ba a yi wata biyu ba, wata Talata da hantsi, maƙwabcinsu Nagoggo mai karo, wato keken jaki, ya shigo rumfar walda yana haki. Ya ce an yi kasha a Suk al-Arabi, kuma ya ga jan babur a wurin Awadiyya mai shayi, amma bai ga mai shi ba.

Ɗantsoho bai san yadda ya isa kasuwar ba. Wurin ya yi tsit irin na bayan tashin hankali, takalma warwatse a ƙasa, tiren mai gyaɗa a kife. Awadiyya, dattijuwa ce da ta daɗe tana sayar da shayi a gindin wata rumfar kwano, kuma Hazim ba ya wuce ta. Ga babur ɗin nan a ɗaure da ƙarfen rumfar, sarƙa ta ratsa ƙafar baya. An naɗe kwaɗon da wani tsumma an ƙulle tam.

"Ina yaron?"

"Sun tafi da shi, ya Hajj." Ba ta ɗago ba, tana ta tona garwashi da cokali.

"Ina yake suka same shi?"

"A nan yake. Yana zaune yana shan shayi, suka zo ta baya. Ba wanda ya ankara." Ta nuna tsumman da haɓa. "Ni na rufe, saboda ƙura."

Ya yi mata godiya. Ya tsaya yana kallon babur ɗin, kuma don a faɗi gaskiya, a cikin wannan baƙin cikin ma sai da wani abu ya ɗan yi masa sanyi a rai: yaron ya cika alkawari, kayansa na nan. Makulli ya tafi a wuyan mai shi, sarƙa kuwa zarto ba ya kama ta. Don haka ƙarfen rumfar ya yanke, ya yi wa Awadiyya waldar wani, suka ɗora babur ɗin a karon Nagoggo da sarƙarsa da tsummansa. Haka suka haye gada, jaki na ja, Ɗantsoho na tafe a gefe ya dafa sirdi.

Ya yi yawon neman ɗansa, kada a ce bai yi ba. Ya je wannan ofis aka tura shi wancan, ya tsaya a ƙofar sansani cikin iyaye irinsa har rana ta gasa su, wani yaro mai bindiga da bai kai Hazim ba ya ce musu su watse. Daga baya aka ce an kwashe su an yi Kudu. Da ya ga ba abin da hannunsa zai iya game da yaron, sai ya juya kan abin da hannunsa zai iya.

Ya shigar da babur ɗin ɗakin Hazim. Ya kwaɓa laka ya rage faɗin ƙofar, yadda mutum zai shiga a karkace amma babur ba zai fita ba. Ya ɗora shi a kan bulo don kada tayoyi su lalace, ya lulluɓe shi da tsohon mayafin Sittana. Da damina ta rushe musu katangar waje, ya jawo gadonsa na igiya ya gindaya a bakin ƙofar, a nan ya koma kwana har aka gyara. Masu son saye suka yi ta zuwa, ya ce ba nasa ba ne. Nagoggo ya ce masa, "Ai kai ka yi kwaɗon nan, ƙera wani makullin mana, ko haya ka bayar a rage zafi."

"Mai shi yana da makulli. In ya dawo ya buɗe abinsa."

Kowace Juma'a in an sauko masallaci, sai ya zuba ɗan man da ya sha layi ya samo a kwalba, ya taka babur ɗin ya bar shi yana ruri a ɗaki, don kada inji ya kwanta. Ranar farko da ya yi haka, Sittana ta fito daga bayan gida a guje, hannunta duk kumfa, ba ko mayafi. Ta tsaya a tsakar gida tana duban ƙofar waje. Da ta gane daga inda ƙarar ke fitowa, ta juya ta koma. Tun daga ranar, in Juma'a ta yi, kafin ya dawo masallaci ta tafi gidan 'yarta.

Damina biyu ta wuce a haka.

Sai wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutanen kwamitin unguwa ne da wani hafsa da wasu masu gajeren gemu. Suka sauke buhun sukari da garwar mai, suka kafa rumfa ba tare da sun tambayi kowa ba. Hafsan ya kama hannun Ɗantsoho yana murmushi, ya ce masa albishir, ɗansa ya yi shahada, yau ba ranar kuka ba ce, ranar ɗaurin aurensa ce a Aljanna. Suka kunna lasifika, suka ce mata su yi guɗa. Kai, mutum ya ɗauke maka ɗa a bakin kasuwa, ya dawo maka da sukari, kuma ya ce ka yi murna! Ba gawa, ba kabari, ba ko takalmi. Sittana ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, bakinta a rufe. Ba macen da ta yi guɗa a layin nan sai waɗanda suka zo da su.

Da suka kwashe rumfarsu suka tafi, sannan aka yi zaman makoki na gaskiya. Maza suka yi ta shigowa suna ɗaga hannu suna Fatiha. Awadiyya ma ta zo tun daga Khartum, ta shige wurin mata ta daɗe. Da za ta fita ta bi ta gefen Ɗantsoho ta ja mayafi ta rufe fuska.

Shi kuwa a ransa bai gama yarda ba. Mutanen da ba su kawo ko takalmi ba, ina suka san wanda ya mutu? Juma'a ta zagayo, ya shiga ya taka babur.

Bayan arba'in wani saurayi ya yi sallama, yana dogara sanda, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe. Ya ce sunansa Hussein, tare aka kama su, tare aka kai su Kudu, kuma shi ya rufe Hazim da hannunsa a gindin wata bishiya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da igiyar fata da ta yi baƙi da gumi, makulli mai baki uku na lilo a jiki.

"Baffa, ko wanka yake ba ya cire shi. Mukan tsokane shi, mu ce laya ce? Sai ya ce a'a, in ya ɓatar da shi Yaba zai cinye shi ɗanye." Ya yi ɗan murmushi, murmushin ya ƙi zama. "Ya ce in kawo maka. Ya ce a gaya maka a ɗaure ya bar shi."

Ɗantsoho ya karɓa. Ƙarfen da ya ƙera ne, ga ma inda gudumarsa ta goce. A nan ne ya yarda.

Bayan baƙon ya tafi ya daɗe zaune da makullin a tafin hannu. Sittana ta fito ta tsaya a kansa. Ta ce, "Mai shi ya aiko. Tashi ka kwance masa."

Ya shiga ɗakin a karkace, ya yaye mayafin, ya durƙusa a inda Hazim ya saba durƙusawa. Ya kwance tsumman Awadiyya, wanda bai taɓa taɓawa ba tun ranar. Ya zura makullin, sai ya ji ya ci karo da kan notin tun a bakin bututu, alhali ya kamata ya nutse can ciki. Ya gyara zama, ya murɗa sau ɗaya. Ya sake murɗawa. Notin ya faɗo a tafin hannunsa, sarƙar ta zube ƙasa.

Shi ya yanka murɗin notin nan da hannunsa, ya san tsawonsa kamar yadda ya san yatsunsa. Ba a zaune yaron yake ba. Ba ta baya suka zo ba. Ya hango su, ya ruga wurin babur ɗinsa, ya durƙusa da igiya a wuya yana murɗawa, yana murɗawa, sauran masu babur suna tashi suna bin lungun masu takalma. Ya kusa gamawa. Abin da ya rage masa bai kai a ce bismillah ba.

Ɗantsoho ya damƙe notin a hannu. Ya ji motsi a bayansa, ya juya, Sittana ce a bakin ƙofa.

"Ya buɗe?"

Ya miƙa mata notin a tafin hannu. Ta dube shi, ba ta yi mamaki ba.

"Awadiyya ta gaya mini ranar makoki. Ta ce tana ta yi masa ihu ya bar shi ya gudu da ƙafa, yana cewa saura kaɗan, Inna, saura kaɗan."

"Kin sani."

"Na sani."

"Kika yi shiru? Kina dafa mini abinci, kina miƙo mini ruwa?"

"To me zan ce maka, Malam?" Ta share ido da bakin mayafi. "Ka ce ya rantse, ya rantse. Hazim bai taɓa saɓa maka ba."

Tun da aka haifi yaron bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai yau. Ya kifa kansa a kan sirdin ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jaki, bai yi ba ranar sukari. Ita kuma ta zauna a dokin ƙofa ta bar shi ya yi.

Da la'asar maƙwabta suka ji ƙarar bugu. Ɗantsoho ne da guduma yana rushe lakar da ya rage ƙofa da ita. Ya sauke babur ɗin daga kan bulo, ya tura shi har waje, ya kafe shi a bakin hanya inda kowa ke wucewa. Ba sarƙa, ba kwaɗo, ga mai a tanki. Ya koma ciki ya rufe ƙofa. Wanda zai ɗauka ya ɗauka, ya huta da ganinsa.

Da gari ya waye yana nan. Washegari ma yana nan. Umbadda ba ta rasa ɓarayi ba, unguwar da ake sace wanki a kan igiya da rana tsaka, amma har su sun san na wane ne. Yara masu ƙwallo suka matsar da ragarsu gaba. Wata rana ya fito ya tarar wani ya goge masa ƙura, wata rana kuma an lulluɓe sirdin da kwali saboda rana.

Ya daina shiga masallaci da takalmi a hammata, a bakin ƙofa yake zubar da su kamar kowa. In ya dawo sai ya tsaya kusa da jan babur ɗin ya ɗan jima, sannan ya shiga gida. Sittana ta ji shigowarsa, ta tambaye shi daga bakin murhu.

"Yana nan?"

"Yana nan," in ji shi. "Ba wanda ya ɗauka."